Rahoton Ayyukan Shekara: A Ƙasar Wa Aka Gwada Bam Ɗin?

Assalamu alaikum 'yan uwa membobi.

A madadin kwamitin zartarwa, ga abin da muka iya yi bana, da abin da ya gagare mu.

A taron bara kun umarce mu da mu rage lissafin wa ke da bama-baman nukiliya nawa, mu koma kan tambayar da ba a cika yi ba: ina aka haƙo ma'adinin yuraniyom da ake haɗa bam ɗin da shi, kuma a kan ƙasar wa aka tayar da bam ɗin? Kusan duk aikin shekarar a kanta ya ƙare.

Zaman karatu na wata-wata ne ya fi armashi. Mun fara da mahaƙar Shinkolobwe ta Kwango, inda aka kwaso yawancin yuraniyom ɗin da Amurka ta haɗa bama-bamanta na farko da shi, lokacin ƙasar tana hannun Beljiyam. Muka bi ta tsibiran Marshall, inda Amurka ta yi gwaji 67 daga 1946 zuwa 1958 bayan ta tashi mutanen Bikini daga gidajensu, da Maralinga, ƙasar 'yan asalin Ostireliya da Ingila ta zaɓa. Wata 'yar uwa ta ja kunnenmu cewa kada mu ɗora wa Yamma laifin ita kaɗai, domin Tarayyar Sobiyet ta yi gwaji fiye da 450 a Semipalatinsk ta Kazakistan. Ta yi gaskiya, mun kuma gyara takardunmu.

Inda muka daɗe shi ne Sahara. Ranar 13 ga Fabrairu 1960 Faransa ta tayar da bam ɗinta na farko kusa da Reggane a Aljeriya, ana tsakiyar yaƙin ƙwatar 'yanci. Gwaji 17 ta yi a can zuwa 1966, huɗu a sararin sama, sauran a cikin dutse a In Ekker. Wato ko bayan 'yancin 1962 ba ta tattara nata ya-nata ba, sai da ta ƙara shekara huɗu, sannan ta koma tsibiran Polinesiya ta yi wasu 193 har zuwa 1996. Matasanmu da yawa ba su taɓa jin cewa a Janairun 1961 Najeriya ta kori jakadan Faransa saboda waɗannan gwaje-gwaje ba, ƙasar da ba ta fi wata uku da samun 'yanci ba. Abin kunya ne a ce sai a zamanmu suka fara ji.

Muhawarar Afirka ta Kudu ta yi zafi. Gwamnatin wariyar launin fata ta ƙera bama-bamai shida, ta wargaza su, ta shiga yarjejeniyar hana yaɗuwar makaman a 1991. Wasunmu sun yaba. Wasu suka ce tsoron kada baƙar fata su gaji makaman ne kawai. An tashi baram-baram, kuma ni ban ga laifin hakan ba.

Ranar 29 ga Agusta, ranar yaƙi da gwajin nukiliya ta duniya, mun yi lacca ta intanet. Mahalarta ba su kai yadda muka zata ba. Sanarwarmu ta makara.

Mun aika wa 'yan majalisa wasiƙu kan yarjejeniyar haramta makaman ƙare-dangi, wadda ƙasashe 122 suka amince da ita a 2017, ta fara aiki a Janairun 2021. Mun fi matsawa kan sashe na 6 da na 7, masu maganar kula da waɗanda tiririn nukiliya ya illata da tsaftace wuraren gwaji. Yarjejeniyar hana yaɗuwar makaman ta 1968 ta bar ƙasashe biyar da makamansu ta ɗaure hannun saura. Ta 2017 ce ta fara tuna mutanen da aka zuba wa turɓayar. Amsoshin da muka samu ba su taka kara sun karya ba.

Fassarar yarjejeniyar Pelindaba, wadda ta haramta makaman nukiliya a Afirka, zuwa Hausa ta tsaya a rabi, saboda kuɗin ƙungiya bai shigo a kan lokaci ba. Ma'aji zai kawo bayanin asusu daban. Muna roƙon masu bashi su biya kafin babban taro, inda za a zaɓi sabon kwamiti, a kuma yanke ko za a ƙarasa fassarar ko a fara tattara bayanai kan mahaƙan yuraniyom na Arlit a Nijar.

Sakatare,
a madadin kwamitin zartarwa