Amsa ga ɗalibin Agege kan karon nutirino da cibiyar atam

Assalamu alaikum, ƙanenmu.

A taron ɗalibai Hausawa na Idi-Araba ka miƙe ka tambaye mu yadda aka yi na'urar tawagar COHERENT mai kilo 14.6 ta kama nutirino, ƙwayar nan da kusan ba ta karo da komai, alhali na'urar Super-Kamiokande ta Japan sai da ruwa tan 50,000, da kuma yadda za ka lissafa abin a kwamfuta.

Nutirinon da kuzarinsa bai kai MeV 50 ba (MeV ma'aunin kuzari ne), ba ya tantance furoton da nutiron, ƙwayoyin da suka haɗu suka yi cibiyar atam, ɗaya-ɗaya, cibiyar dungurungum yake bugu. Shi ya sa yiwuwar karo take tafiya da yawan nutiron sau kansa. Siziyam-133, wanda ke cikin kiristal ɗin na'urar, yana da nutiron 78, ka ga 6,084 ke nan. Furoton ɗinsa 55 kusan 'yan rakiya ne: ka ninka su da kimanin 0.05, ka cire daga 78 kafin ka ninka sau kansa. Masanin fiziks Daniel Freedman ya hango irin wannan karon tun 1974, amma sai 2017 tawagar COHERENT ta gan shi a Oak Ridge, Amurka.

Jinkirin kuwa, jefi danfo da tsakuwa ka ga ko zai gusa. Iyakar kuzarin da cibiya ke samu kusan 2E²/M ne, inda E kuzarin nutirino ne, M kuma nauyin cibiyar. Sa E ya zama MeV 30, M kimanin MeV 124,000, za ka tashi da keV 14.5 kacal (keV 1,000 ne MeV ɗaya). In ka ga dubbai, duba ko ka cakuɗa MeV da GeV.

A lissafin kwamfuta kuwa, fara da tushen nutirinon: ruɓewar ƙwayoyin fayon da muwon. Fayon da ya ruɓe a tsaye yana ba da nutirino mai MeV 29.8 daidai, na muwon kuma ya bazu har zuwa 52.8. Daga nan ka sa tsarin Helm, lissafin siffar cibiya, wanda ke rage ƙarfin karon yayin da bugun ke ƙaruwa. A nan ake tuntuɓe: Helm yana neman faɗin da nutiron suka mamaye, alhali wanda aka auna sosai da ilektiron na furoton ne. A cibiya mai nauyi faɗin nutiron ya ɗan zarce na furoton, don haka in ka ari faɗin furoton za ka ƙirga karo fiye da gaskiya, musamman a manyan bugu.

Sannan cibiyar da aka buga ba ta ba da haske kamar ilektiron mai kuzari ɗaya da ita. A kiristal na siziyam da aidin haskenta bai kai kashi 10 cikin 100 na hasken ilektiron ba. A ganinmu wannan ya fi Helm haɗari, domin mafi yawan karon yana dab da ƙofar da na'ura ke fara ji. Gwada lissafinka da ƙimomi biyu ko uku na wannan kason, ka rubuta bambancin kusa da sakamakon.

Wassalam,
Yayyenka masu nazarin fiziks, Legas