Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Gwamnan Babban Bankin Najeriya, Olayemi Cardoso

Ranka ya daɗe,

Ni mai sayar da albasa ne a kasuwar Mile 12 nan Legas, kayana daga Aliero suke zuwa. Tun da Babban Banki ya fitar da ƙa'idojin bankin da babu ruwa a 2011, zamanin Sanusi Lamido Sanusi, da yawanmu muka kwashe kuɗinmu muka kai can, don mu kwana da zuciya ɗaya.

Bara na nemi murabaha ta mota guda ta albasa a wani banki, ba zan kama suna ba. A yadda malamai suka karantar da mu, banki ne zai sayi kayan, su zama nasa, sannan ya sayar mini da ƙari. Hujjar ribarsa kenan, domin in mota ta kife a hanyar Jebba kafin ya damƙa mini, asararsa ce. To, a takarda ɗaya aka naɗa ni wakilin saye, a ta biyu aka sayar mini, duk a zama guda. Albasar ba ta yi ko awa ɗaya a hannunsu ba. Da na tambayi yaron da ke teburin me ya sa ƙarin ya yi tsada haka, sai ya ce ai kuɗi ya yi tsada a ƙasa. Wato ma'aunin ruwan da kuka kai kashi 27.5 a ƙarshen 2024 ya biyo mu ta taga.

Na san suna da nasu nauyin: albashin malaman shari'a, sayen kaya, ga ƙarancin inda za su ajiye rarar kuɗi in ban da sukuk, wato takardun zuba jari marasa ruwa, wanda gwamnatin tarayya ta fara fitarwa a 2017. Ban ce su yi aikin sadaka ba.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne asusun mudaraba, wanda nake zuba kuɗi banki ya juya mu raba riba. An ce in an yi asara ni zan ɗauka, amma ban taɓa ganin inda aka juya kuɗina ba, sai saƙon waya a ƙarshen wata. Ko yaron shagona da na ba jari yana kawo mini littafi duk Juma'a.

Kun tilasta musu ƙara jari zuwa naira biliyan 20 ga mai lasisin ƙasa. Ku haɗa da wannan: kowane banki ya riƙa bayyana kason rabon riba, da abin da ya ɓoye don ranar asara, da yadda yake lissafin ƙarin murabaha, duk wata uku, har da Hausa da Yarbanci. Sauran ku bar mana, mun iya taya kaya, mun kuma san hanyar wata rumfar.

Naka,
Wani ɗan kasuwar albasa, Mile 12, Legas