Dariyar da kuka yi wa masu neman akwatin wasiƙa ta ɓata mini rai

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, na rubuto ne a kan shirinku na ranar Lahadin da ta wuce, kuma ba zan ɓoye maka ba, raina ya ɓaci ƙwarai. Tun da mai gabatarwa ya shiga maganar masu neman akwatin wasiƙa a dajin Dartmoor da ke yankin Devon a Ingila har ya fita daga cikinta dariya yake yi, abokin hirarsa na taya shi. Wai Turawa sun ƙoshi sun rasa abin yi, wai manya da furfurarsu suna rarrafe a gindin duwatsu suna neman kuɗin da aka ɓoye. Wane kuɗi? Wa ya gaya masa akwai kuɗi a ciki? Ni da maigidana da yaranmu uku muna cikin waɗanda ya yi wa dariyar nan. Mu ba Turawa ba ne, ba mu kuma rasa abin yi ba. Aikin jinya nake yi a nan Plymouth, wani makon a tsaye nake kwana, ranar hutu ɗaya da zan samu kuwa ba ta wasa ba ce a wurina.

Babu ko sisi a cikin akwatin nan. 'Yar robar ajiye abinci ce mai murfi, a ciki akwai hatimi guda da ɗan littafi, shi ke nan. Idan ka same ta, ka buga hatiminta a littafinka, ka buga naka a littafinta, ka rufe ka mayar inda ka ɗauko yadda mai wucewa ba zai gani ba. Ba a ɗaukar komai a tafi da shi gida. Kuɗi ma mu muke fitarwa, domin takardar alamomin da muke bi sayenta muke yi da 'yan fam kaɗan daga masu tara taimako, su kuma su miƙa abin da suka samu ga marasa lafiya da makamantansu. To ina kwaɗayin da aka jingina mana?

Kuma abin ba na jiya ba ne balle a ce yayi ne na marasa aikin yi. A 1854 wani mai yi wa baƙi jagora a dajin, James Perrott na garin Chagford, ya ajiye kwalba a wani lungu mai taɓo da ake kira Cranmere Pool, domin duk wanda ya sha wahalar isa can ya bar katinsa shaida. Daga baya mutane suka riƙa barin kati mai adireshinsu, wanda ya zo bayansu ya ɗauka ya kai gidan waya. A 1938 aka kafa wani akwatin a Duck's Pool don tunawa da William Crossing, mutumin da ya yi rubuce-rubuce a kan dajin. Amurkawa ma sai a 1998 suka rungumi abin, bayan mujallar Smithsonian ta ba da labarinsa. Duk wannan yana nan a rubuce, da mai gabatarwarku ya ba shi minti goma kafin ya shiga ɗakin watsa shiri da ya gani.

Fitarmu ta ƙarshe mun bar gida da hantsi, tafiyar ba ta kai awa ɗaya a mota ba muka isa wajen Princetown. Na zuba dafa-duka a kula, da fulas ɗin shayi, da ragowar dambun naman da aka aiko mana daga gida. Babbar 'yata ce mai riƙe da kamfas, na'urar nan mai nuna gabas da yamma, ƙanenta na karanta takarda, auta kuma aikinsa ƙirga taku. Alamar takan ce ka tsaya a wani dutse, ka daidaita kamfas a kan lamba kaza har ka hango wani tsauni, ka yi taku kaza, ka duba ƙarƙashin dutsen da ya yi rumfa. Takun auta gajere ne, don haka kullum sai an yi gardama, babansu ya sake ƙirgawa da nasa. A wani wurin mun daɗe muna zagaye dutse ɗaya, iska na kaɗa mu, tumaki na kallonmu, har na ce mu haƙura mu wuce. Sai yarinyar ta durƙusa, ta tura hannu cikin wani rami da aka toshe da ƙananan duwatsu da gansakuka, ta jawo robar a naɗe cikin baƙar leda. Ihun da yaran nan suka yi, Malam Edita, na daɗe ban ji irinsa daga bakinsu ba.

Hatimin da ke ciki da hannu aka sassaƙa shi, hoton ɗan dokin dajin ne da gashin wuyansa, an fitar da shi tsaf. Littafin ya ɗan jiƙe, gefen takardunsa ya kumbura, amma ana karanta komai: wani ya rubuta cewa ruwan sama ya yi masa dukan tsiya, wata ta ce ta zo da jikokinta, wani yaro ya zana karensa. Namu hatimin babansu ne ya yanka shi da reza a jikin magogin fensir, dagin Arewa ne, layi ɗaya ya ɗan karkace amma duk Bahaushen da ya gani zai gane. Auta ya danna shi a tawada, ya buga, ya shafa sauran a goshinsa da rigarsa. Yanzu haka akwai dagin Arewa a cikin littattafan da ke kwance a ƙarƙashin duwatsun ƙasar Devon, kuma ina alfahari da hakan. Da azahar ta yi, kamfas ɗin nan dai muka duba muka fuskanci kudu maso gabas, muka yi alwala da ruwan rafi mai sanyin da ke sa haƙora kaɗawa, muka shimfiɗa rigunan ruwa muka yi salla.

Wanda bai yi rainon yara a ƙasar nan ba ba zai san abin da nake nufi ba. Da hunturu ƙarfe huɗu na yamma duhu ya fara, babu tsakar gida, babu ƙofar gida da yara za su taru, babu kaka ko gwaggo da za a aike su wurinta. Daga makaranta sai ɗaki, daga ɗaki sai waya. Ɗana na tsakiya sai da ya kai ba ya haɗa ido da mutum idan ana yi masa magana. Wannan fita ita ce ta raba shi da wayar nan ba tare da faɗa ba, yanzu shi ke tambaya yaushe za mu koma, yana lissafin hatiman da suka rage masa ya cika 100 ya shiga ƙungiyar masu nema ya karɓi bajo. Ranar Lahadin nan yana zaune kusa da ni muna sauraronku, domin ina kunna shirinku ne musamman don Hausa ta zauna a kunnensu. Ya ɗago kai ya ce, Umma, mu ake yi wa dariya? Me zan ce masa?

Sannan mai gabatarwa ya ce da waya ake yi, tauraron ɗan'adam ya kai ka har kan akwatin. Wancan wani wasa ne daban da aka fara a Amurka a shekarar 2000. Namu da taswira da kamfas da ido ake yinsa, kuma a wurare da yawa a dajin ko sabis babu. Dartmoor ba lambun shaƙatawa ba ne. Faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 950, hazo kan sauko cikin 'yan mintuna har ka kasa ganin wanda ke gabanka, akwai taɓon da ke haɗiye ƙafa zuwa gwiwa, ga kaska a cikin ciyawa. A arewacinsa sojoji na atisayen harbi, idan an ɗaga jar tuta ba mai shiga, kuma Cranmere Pool ɗin ma a cikin yankin yake. Masu wannan abu suna da ƙa'idojinsu: ba a tona ƙasa, ba a ɓoye akwati a kufai ko kayan tarihi, ba a damun tsuntsayen da ke ƙwai a ƙasa lokacin bazara. Yarana a nan suka koyi karanta taswira, suka koyi rufe ƙofar shinge bayan sun wuce saboda dabbobin manoma, suka koyi kwashe sharar da suka tarar ko ba su suka zubar ba. Wannan ne abin dariya?

Tun da na ɗauki alƙalami, bari in ƙara da wannan. Don Allah ku rage kiɗan da kuke sakawa a ƙarƙashin muryar mai karanta sanarwar rasuwa da gaisuwa. Sau da yawa ba ma jin sunan gari balle na mamaci, mu kuwa da ke nesa ta nan muke sanin abin da ya faru a gida. An sha yi muku wannan ƙorafi, ban ga an gyara ba.

Abin da nake nema shi ne ku karanta wasiƙar nan a shirin, a daidai lokacin da aka yi dariyar, mai gabatarwa ya faɗa da bakinsa cewa babu kuɗi a cikin akwatunan nan kuma ba da waya ake nemansu ba. Idan yana son ƙarin bayani ku kira ni, zan haɗa shi da yarana su yi masa da Hausa. Ranar Lahadi mai zuwa za mu kunna rediyo mu saurara.

Taku mai sauraro a kullum,
wata uwa daga Plymouth, Ingila