Rahoton ayyukan shekara na ƙungiyarmu ta masu hawa keke a Daura

Assalamu alaikum iyayen ƙungiya, yayye da ƙanne baki ɗaya. Shugaba ya ce bana in rubuto rahoton in sa a nan kowa ya karanta a gida kafin ranar taro, don bara da na tsaya ina karantawa rabin mutane hira suke, sauran kuma suna latsa waya. Maganar kuɗi ba ta cikin wannan, ma'aji zai zo da littafinshi, mai tambaya ya ajiye mashi.

Babban abin da ya canza bana dai kun sani, mun sauka daga kwalta. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 mutane da yawa suka kakkaɓe tsofaffin kekunansu, mu ma ta nan muka ƙaru, amma hawan da muke yi kan titin Katsina duk Asabar ya fara ba mu tsoro, kilomita kusan 80 ne tsakanin garuruwan biyu kuma direbobin haya gani suke kamar a minti 30 ya kamata su cinye shi, ga tireloli. Sai aka yi shawara a farkon shekara cewa mu koma bin burtali da hanyoyin amalanke cikin gonaki, sau biyu a wata, da an sallame sallar asuba mu kama hanya.

Fitar farko cikin hunturu Tsohon Birni muka nufa, inda tarihi ya ce nan magajiyoyi suka yi mulki kafin Daurama ta dawo da gari inda yake yanzu. Wuri ne nan kusa, mun ɗauka yawon shan iska ne kawai, ashe yashi na jiranmu. Masu siraran tayoyi irin na tsere su suka fi shan wahala, taya ta nutse keke ya tsaya cak mutum ya sauko yana turi, shi kuwa baban nan namu mai tsohon Raleigh mai faffaɗar taya ko a jikinshi, wuce mu kawai yake yana dariya. A ranar muka koyi cewa a yashi rage iska ake, ba ƙarawa ba, kuma giya mai sauƙi za ka sa ka ci gaba da juya feda, da ka tsaya shi kenan. Sai tsidau, wannan ƙaya wallahi ba ta da imani, kafin mu dawo gida faci 7 aka yi, sholisho ya ƙare sai da wani yaro ya ruga cikin ƙauye ya samo mana. Tun daga nan aka sa doka kowa ya riƙa zuwa da tib ɗinshi na safaya.

Ta biyu kuskurena ne ni sakatare, na amsa. Na mai da fitar ranar Lahadi na manta ranar kasuwar Mai'aduwa ke ci, muka tarar da burtali cike da shanu da tumaki da amalanke duk sun nufi kara, ƙura kamar hazo, mu da muka zo hawa muka ƙare da tsayuwa a gindin gawo muna ba garke hanya. Burtali dama don dabbobi aka bar shi, ba mu da ta cewa. Mun dai sha fura mai kyau.

Azumi ya shigo, bayanshi zafin bazara, fita ɗaya tal aka yi zuwa gefen dam ɗin Daberam wajen masu noman rani, ita ma kafin ƙarfe 10 mun juyo.

Damina ita ce ta fi daɗi kuma ita ta kawo mana matsala. In aka kwana da ruwa yashin nan da ke cinye taya sai ya kwanta ya yi tauri, keke ya riƙa tafiya kamar kan siminti, iska mai sanyi, ko'ina kore shar banda gawo da ya kaɗe ganyenshi yana tsaye fayau kamar ya mutu, shi dama haka yake, sai rani yake tofo shi ya sa manoma ba su sare shi. Amma da gero ya tashi ya fi mutum tsawo hanya sai ta matse, ba ka ganin abin da ke bayan kwana. Wata Asabar a wajen wani ƙauye yamma da gari muka tarar da ruwa ya kwanta a hanya, maimakon a sauka a tura, matasanmu 4 suka ratse ta cikin gona, layi guda, suka bi ta kan gyaɗa da wake da aka shuka tsakanin kunya. Mai gonar na nan duƙe yana maimai ba mu lura ba. Dattijo ne, bai ɗaga murya ba, ya taso da hauyarshi a kafaɗa ya tsaya kan sawun tayoyin ya dube su tun daga inda suka shiga har inda suka fita, sannan ya ce da shugaba, Alhaji ku wasa ya kawo ku, ni nan abincin iyalina ne. Wallahi da zagi ya yi da ya fi mana sauƙi. Shugaba ya cire hular kwano ya rusuna ya ce Baba a yi haƙuri yara ne, laifinmu ne mu manya, muka bi shi har wajen mai unguwa, ya ƙi karɓar ko sisi, sai da mai unguwa ya sa baki sannan ya yarda aka kawo mashi taki sati na gaba. Kuɗin takin daga aljihun su huɗun ya fito, ba daga asusu ba, don na ji ana ta ƙananan maganganu.

Daga ranar dokar ita ce ba a shiga gonar kowa, ko an girbe, sai in mai ita ya ce a wuce. In hanya ta ɓaci a sauka a tura. Kuma in an haɗu da amalanke ko mai jaki ko mata masu ɗauke da kaya mu za mu kauce, a rage gudu a yi sallama.

Fitar da kowa ke ta magana a kai ita ce ta wajen Dutsi cikin watan Satumba. Mun bi titi har Shargalle sannan muka saki kwalta muka shiga daji, sannu a hankali ƙasa ta fara canzawa, yashi ya ragu tsakuwa ta ƙaru, sai ga duwatsu suna leƙowa ta saman dawa. Ƙauyen da muka yada zango a gindin dutse yake, rumbuna ma wasu kan fa aka ɗora su saboda gara da laima. Abin da ya faru da muka iso shi ne darasi na biyu, mu 14 ne, da hulunan kwano da baƙin tabarau wasu sun ɗaure hanci da ƙyalle saboda ƙura, yaran da ke wasa bakin rijiya suna hango mu suka watse da ihu, mata suka shige gida. A halin da jihar nan take ciki ba mai ganin laifinsu. Sai da muka tsaya nesa, kowa ya buɗe fuska, mutum biyu suka taka da ƙafa suka nemi mai gari, sannan hankali ya kwanta, daga baya kuma har tabarma aka shimfiɗa mana aka kawo ruwa da ɗanyar gyaɗa. Shi ya sa yanzu ba mu zuwa ko'ina sai an aika tun ana gobe.

Wani tsoho ya ce in dai tarihi muke so mu bar kekuna mu biyo shi. Muka hau dutsen da ƙafa, shi da sandarshi da silifas ya riga mu kaiwa, a can sama ya nuna mana ramukan niƙa da suka lotsa cikin fa sun yi sumul, da katangar duwatsu da ta zube, da tsingaro ko'ina in ka tona da yatsa. Ya ce kakanninsu nan suke gudowa da mata da dabbobi in an ji mahara, zamanin da Katsinawan da suka koma Maraɗi bayan jihadi suke kawo hari ƙasar nan, sai da yaƙe-yaƙe suka ƙare sannan aka sauko aka zauna kusa da gona da ruwa. Daga saman kana hango gonaki har inda ido ya tsaya, burtalin da muka biyo kamar zare. Saukowa ce ta gwada birkin kowa, wanda bai canza robar birki ba ya ji a gwiwarshi, ba zan kira suna ba.

Da kaka aka yi Durɓi Takusheyi a ƙasar Mani. Wannan sai da aka ɗauki hayar mota ta kai mu da kekuna kusa sannan muka ƙarasa da hawa, don da nisa. Tudun kusheyin tsofaffin sarakunan Katsina ne, an fara tona su a 1907 zamanin Sarki Muhammadu Dikko, aka sake a 1992, aka samu awarwaron hauren giwa da kayan zinariya da na tagulla da wuri. Wanda ya je da niyyar ganin gini zai ce ba komai, tudun ƙasa ne da itatuwa, ni kam na ji wani iri da na tsaya a wurin. Hanyar kuma lokacin ta fi kowane lokaci kyau, an yanke gero an jingine dammuna, sai dai ƙarangiya ta cika mana safa da wando. Zango ma mun je, garin da sarakunan Haɓe na Daura suka zauna bayan jihadi kafin Turawa su dawo da Malam Musa kan sarauta a 1906, amma wannan rabinta kwalta ce ba wani labari. Makon sallar Gani ba a fita ba, kowa na wajen kallon hawa.

Masu cewa a kai mu duwatsun wajen Batsari da Safana, kwamiti ya duba ya ce a'a, kuma ba za a sake tada maganar ba sai tsaro ya inganta. Ba wanda za mu kai inda ba mu iya dawo da shi. Haka dokar dawowa gida kafin la'asar tana nan.

Abin da muka gaza, mun yi alkawarin gyara ma ɗaliban ƙauye kekunansu kyauta duk wata uku, sau ɗaya kawai aka yi, ranar ma mutum 5 suka zo sai mai facinmu da ya rufe shagonshi ya biyo mu da kayan aiki, Allah ya saka mashi da alheri. Taswirar hanyoyin da aka ce masu manyan wayoyi su riƙa ɗauka har yau biyu kawai aka turo mani, kuma duk damina kwari ke canza hanya, in ba a rubuta ba badi sai mun sake ɓata.

Badi in Allah ya kai mu ana son a gwada ɓangaren Ɓaure da Sandamu, wanda ke da dangi a ƙauyukan can ya yi magana tun yanzu don mu san ta wanda za mu bi. Taro ranar Asabar bayan la'asar a inda muka saba. Kuma dan Allah wanda babban famfon ƙungiya ke hannunshi tun fitar Dutsi ya taho da shi, ma'aji ya ce ya san ko wane ne.

Sakatare