Wasiƙa daga Lofoten a kan kamun kifi a hunturu

Aminina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyali da su Baba, ina neman afuwa a kan jinkirin amsa wasiƙarka. Tun ƙarshen watan Janairu kifi ya shigo, kuma a tsibiran Lofoten da ke arewacin Norwe, idan kifi ya shigo babu mai sauran lokacin kansa. Ka tambaye ni yadda mutum mai hankali zai shiga teku su a tsakiyar irin wannan sanyi, alhali mu a Yawuri ko jaurar Disamba kan sa mu jira hantsi kafin mu tura kwalekwale. Zan ba ka amsa gwargwadon abin da idona ya gani.

Ba masunta ne suka zaɓi lokacin ba, kifin ne ya zaɓa. Sunansa skrei a harshensu, yana rayuwa a Tekun Barents, can arewa mai nisa tsakanin Norwe da Rasha, kuma kowace shekara manyansa kan yi tafiyar kusan kilomita 1,000 zuwa gaɓar Lofoten domin su zuba ƙwai, daga Janairu zuwa Afrilu. Wanda ya ce zai jira sanyi ya sauka, to ya jira shekara mai zuwa. Duk da cewa daga farkon Disamba rana takan yi kusan wata guda ba ta leƙo ba, tekun nan ba ya daskarewa, saboda wani ruwa mai ɗumi da ke tahowa daga kudu ta Tekun Atlantika yana ratsa gaɓar. Sai dai kada kalmar ɗumi ta ruɗe ka, domin wanda ya faɗa ciki ba tare da rigar ceto ba, cikin 'yan mintoci hannuwansa za su daina kama igiya.

Makon jiya wani dattijo da ke kawo kifi inda nake aiki ya yarda na bi shi a ƙaramin jirginsa mai inji. Mun bar tasha tun kafin asuba, duwatsu sun yi fari fat da dusar ƙanƙara, feshin teku kuwa yana daskarewa a jikin ƙarafan jirgi, har sai da ya miƙo mini guduma na riƙa farfasa shi, domin nauyin ƙanƙara kan iya kifar da jirgi. Wasu suna kafa taru, wasu suna shimfiɗa doguwar igiya mai ɗaruruwan ƙugiyoyi kamar mamarinmu, amma shi da juksa yake su, wato igiya mai dalma a ƙasa da ƙugiyoyi a jere, wadda inji ke ɗagawa yana saukewa. Da na'urar ganin ƙasan ruwa ta nuna garken kifi, ba mu sake ɗaga kai ba har azahar. Kowane kifi ya hau jirgi, nan take ake yanka shi a wuya jini ya tsiyaye, don naman ya fita fari. Wallahi na sha sanyin da ban taɓa sha ba, yatsuna sun mutu a cikin safar hannu, amma da na rungumi kifin da ya kai tsawon yaro ɗan shekara biyar sai na tuna ranar da muka fito da giwan ruwa a ƙasan Kainji, na ji hawaye ya zo mini. A nan, wanda ya kama mai nauyin fiye da kilo 30, jaridar yankin takan ba shi tukuicin kilo guda na kofi.

Abin da ya fi burge ni yana kan tudu. Mu da hayaƙi muke banda, su kuwa sanyin nan da muke gudu shi ne ma'ajiyarsu. Ana cire kai da kayan ciki, a ɗaure kifi biyu-biyu ta wutsiya, a rataye su a kan dogayen rumfunan katako, ba gishiri ba wuta, iska ta yi ta kaɗa su har wajen watan Yuni. Sanyin ya isa ya hana ƙuda da ruɓewa, amma bai kai ya daskarar da naman ya lalata shi ba, kuma wannan daidaito ne ya sa tun wajen shekarar 1120 Sarki Øystein na Norwe ya gina wa masunta bukkoki a nan. Mafi kyawun busasshen kifin Italiya ake kai shi. Kawunan kuwa, bayan yara 'yan makaranta sun yanke harsunan sun sayar, ana shanya su a aika Najeriya. Saboda haka kan kifin nan mai tauri kamar itace da 'yan'uwanmu Ibo ke kira okporoko, wanda kake gani a kasuwar Sabon Gari, mai yiwuwa ta hannuna ya bi.

Akwai damuwa kuma, ba zan ɓoye maka ba. Tun 1976 hukumar haɗin gwiwa ta Norwe da Rasha ke yanke adadin da za a kama kowace shekara. A 2013 adadin ya kai tan miliyan 1, amma a 2025 ya sauko zuwa tan 340,000, saboda ƙananan kifi ba sa tasowa kamar da. Dattijon nan ya yi ta ƙorafi a hanyarmu ta dawowa, amma ya ce ranar da ya cika rabonsa zai ɗaure jirgi. Ni dai na yarda da wannan tsari, domin ni da kai mun ga abin da taru mai ƙananan idanu ya yi wa ruwanmu.

Da daddare matarsa ta dafa mana mølje, wato naman kifin da hantarsa da ƙwansa, kuma romon hantar ne ya dawo mini da jini a jiki. Idan Allah ya kai mu Yuni aka sauke na rataye, zan ba mai zuwa gida guda biyu ya kawo maka. A jiƙa shi kwanaki ana sauya ruwa kafin a sa a miya. Ka rubuto mini yadda ruwa ya yi bana da abin da ake samu a taru. Ka gaishe da su Baba da Inna da dukkan mutanen bakin ruwa.

Wassalam,
Naka amini