Rage Gudun Inji Ba Shi Ne Maganin Karyewar Baki Ba

Malam Edita, assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a wannan jarida domin in ja hankalin kafintoci da masu sassaƙa katako da injin CNC, wato injin da kwamfuta take sarrafawa, kan wani kuskure da yake cinye musu bakin yanka. Da zarar inji ya fara kuka da karkarwa a sassaƙar farko, wato lokacin da ake kwashe mafi yawan katako, sai a yi maza a rage saurin tafiyarsa. Sau da yawa wannan ƙara dagula lamarin yake yi.

Kowane haƙorin baki yana da kaurin da ya kamata ya gutsura a juyi ɗaya. Ana gano shi ne idan aka raba saurin tafiya da yawan juyi, sannan aka sake rabawa da yawan haƙora. A ɗauki baki mai kaurin milimita 6 da haƙora biyu, yana juyi 18,000 a minti. Idan tafiyarsa milimita 1,000 ce a minti, abin da haƙori yake ɗauka bai kai milimita 0.03 ba, wato gugar katakon kawai yake yi. Ɓarɓashi shi ne yake fita da zafi, saboda haka idan babu shi sai zafin ya zauna a baki, ya dakushe, ya yi baƙi, daga nan ya ɓalle. Kafin haƙori ya samu milimita 0.1, sai tafiya ta kai 3,600. In injin ƙarami ne ba zai iya ba, a sauke juyi zuwa 12,000 a yi tafiyar 2,400, ko a sa baki mai haƙori ɗaya. A riƙa duba abin da yake fitowa: ƙananan ɓarɓashi da ake iya ɗauka da yatsu ake so, gari mai laushi da ƙauri kuwa alamar guga ce, kuma yana iya kama wuta.

Abin da ya kamata a rage shi ne zurfi. A katako mai tauri, musamman kan ƙaramin inji, a fara da rabin kaurin baki, milimita 3 ke nan, a riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan ana sauraron kukan. Yankan rami mai faɗin baki daidai shi ne mafi wahala, domin katako ya rufe bakin ta ɓangare biyu kuma ɓarɓashi ba shi da mafita. Inda aiki ya ba da dama, a sa baki ya riƙa cin kashi 40 cikin ɗari na faɗinsa. A kula da lungu na ciki, nan ne nauyin yake ƙaruwa farat ɗaya.

Akwai kuma tsawon da baki ya leƙo daga kolet, wato maɗaurin da yake riƙe shi, kuma wannan ne na fi ganin ana yi wa sakaci. Idan aka ninka tsawon sau biyu, lanƙwasarsa tana ninkuwa sau takwas. Idan aka rage kaurinsa da rabi, ta ninku sau goma sha shida. Kabaid, wanda ake ƙera bakin da shi, ƙarfe ne mai tauri amma ba ya jure lanƙwasa, tsinkewa yake yi. Don haka a yi sassaƙar farko da baki mafi kauri kuma mafi gajarta da zai kai zurfin aikin, a tura shi ciki sosai, sai dai kada kolet ya kama haƙora.

Shi kansa kolet a cire shi a goge ƙura da ƙaro. Irin kolet ɗin da ake kira ER ana fara maƙala shi cikin noti har ya zauna, kafin a sa baki a ɗaure da sufana. Milimita 6 daban take da kwatan inci, wanda yake 6.35, kowanne a ba shi kolet ɗinsa. Bakin da ya zauna a karkace haƙori ɗaya ne yake ɗaukar aikin biyu. Wurin da ya karye ma yana ba da labari: in daidai bakin kolet ne, a fara zargin datti ko tsohon kolet, in a tsakiyar haƙora ne, a duba zurfi da cushewar ɓarɓashi.

Kada a soka baki kai tsaye kamar ana huda. A sa manhaja ta shigar da shi a gangare, digiri 3 zuwa 5, ko a zagaye. Baki mai tura ɓarɓashi ƙasa yana ba da fuska mai tsafta, amma a rami mai zurfi danƙare ɓarɓashin yake yi. Mai jawo shi sama ya fi dacewa da wannan aiki, illa dai yana ɗaga katako in ba a ɗaure shi da kyau ba. Katakon da yake motsi a kan tebur, ko guntun da ya rabu don ba a bar masa ƴan maƙalai ba, yana karya sabon baki nan take.

In duk wannan ya daidaita karkarwa ba ta tafi ba, a kashe inji, a kama kan motar da take juya bakin a girgiza gaba da baya da gefe. Duk motsin da aka ji, a bi shi: bel ya saki, ƙusar fuli ta kwance, tayoyin layi ko boris sun ci. Wani lokaci sauya juyi da kashi 10 cikin ɗari, sama ko ƙasa, yana kashe karkarwar. A sauya abu ɗaya a kowane gwaji, a rubuta lambobin da suka yi kyau ga kowane irin katako, a kuma bar rabin milimita a jikin aikin domin yankan ƙarshe ya share tabon.

Na gode, Malam Edita.

Daga wani mai aiki da injin sassaƙa katako.