A Tuna Da Masu Riƙe Injin Zuciya

Malam Edita assalamu alaikum. Don Allah a ba ni ɗan fili in yi magana kan aikina, don na lura duk sanda aka kawo labarin tiyatar zuciya likita kawai ake ambata.

Ni mai riƙe injin zuciya da huhu ne, a asibiti fafyushonis ake ce mana. In likita zai canza bawul, wato ɗan ƙyauren da ke hana jini komawa baya, ko ya toshe huda a zuciya, galibi sai an tsayar da ita cak, to duk tsawon lokacin nan jinin mara lafiya ta tiyo yake biyowa ya zo gabana, injin ya sa masa oksijin, famfo ya mayar da shi jiki. Kafin mu ɗora shi a kan injin sai an ba shi hefarin, maganin hana jini daskarewa, mun gwada jinin mun ga ya haura daƙiƙa 480 bai daskare ba, sannan a tura ruwan fotashiyam mai sanyi don tsayar da zuciyar, kana kallon layin nan na bugun zuciya a sikirin yana ta tsalle sai ka ga ya miƙe ɗoɗar. Wallahi har yau in na ga haka sai na yi bismillah. Idona ba ya barin tankin jini, don in ya yi ƙasa iska ta shiga tiyo tana iya hayewa ƙwaƙwalwa, mutum ya farka da shanyewar ɓarin jiki.

Tun 1953 Dokta John Gibbon ya ci nasara da injin nan a Amurka, a Najeriya kuma an fara buɗe zuciya a Inugu tun 1974, amma har yau yaranmu da ciwon maƙogwaro ya ci musu bawul sai iyaye sun sai da gona an tafi Indiya, a da wasu Sudan suke nufa cibiyar Salam mai yin aikin kyauta, yanzu kuma ga yaƙi.

Na taɓa shiga wani asibiti na tarar da injin sabo fil an lulluɓe shi da leda, ƙura ta hau, ba mai tayar da shi, ranar ban iya cin abinci ba. Ya ku gwamnoninmu, in za a sayo inji a haɗa da kuɗin karatun yaran da za su riƙe shi, ga masu digirin jinya da na lab nan birjik suna zaman jiran aiki, ko biyu biyu kowace jiha ta tura.

Naku,
Wani ma'aikacin tiyata, daga Kano